Likitoci sun ce a ciyar da shi ta jijiya, dan Allah ku ba mu shawara

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilmin asibiti a cikinmu ku taimaka min. Ƙanin mijina ne, saurayi ko aure bai yi ba, taifod ta huda masa hanji aka yi masa tiyata, da farko kamar abin ya yi kyau har ya fara kurɓar kunu sai kawai ɗinkin ya fara yoyo, wani ruwa kore-kore mai wari yana fitowa ta inda aka yanka, duk abin da ya sha ba a jimawa sai ka gan shi a bandeji. Yanzu an hana shi ci, sun ce hanjin ne ya sake buɗewa yana yoyo ta fata, kuma sun rubuta mana wani abu wai TPN, abinci ne da ake sawa ta jijiya, kullum leda ɗaya kuma kuɗinsa ba a magana. To gida an rabu biyu. Surukata ta ce ai tun ranar da aka kwantar da shi ruwa ake ƙara masa, wannan leda na ƙarewa ana rataya wata, to wane abinci kuma ya rage a sa a jijiya. Yayyensa kuma wasu na cewa a sayar da fili a saya. Yaron ya rame wlh idan ka ga haƙarƙarinsa sai ka yi hawaye. Me ya kamata mu yi?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne

Baban Amira:
Allah ya sawwaƙe. Ni dai ina tare da Hajiya surukarki, ruwan da ake ƙarawa ai akwai suga a ciki, mutum nawa muka gani sun yi sati ba ci ba sha ana ƙara musu ruwa kuma sun tashi. Ku yi hattara kar a sa ku sayar da gadonku, zamanin nan komai an mayar da shi kasuwanci

Sista Balaraba:
Baban Amira ka yi haƙuri amma wannan maganar ita ce take cutar mana da marasa lafiya kullum, ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Bari in yi muku lissafin a fili. Ledar ruwan gishiri da aka fi sawa ba ta da ko ɗigon abin da ke ba jiki ƙarfi, ruwa ne da gishiri kawai don kada jini ya yi ƙasa. Mai sugan kuma, wadda aka rubuta 5% a jikinta, ledar rabin lita giram 25 na suga ne a ciki, wato kamar ƙaramin cokalin shayi shida, kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, bai wuce 100 ba. Namiji mai kilo 60 da ke kwance yana buƙatar kalori 1500 zuwa 1800 a rana, mai ciwo irin wannan ma ya kan fi haka. Ka ga sai an ɗura masa leda fiye da 15 a yini kafin a kai wannan adadin, kuma wannan yawan ruwan zai iya cika masa huhu. Sannan ko an kai, babu furotin ko kaɗan a ciki, alhali da furotin ne nama ke haɗewa ɗinki ya kama. Shi ya sa Maman Khairat take ganin yana ramewa duk da leda ba ta yankewa, jikinsa ne yake cin naman kansa.
Wanda ka gani ya yi sati ya tashi, da ƙibarsa ya shigo kuma hanjinsa ya dawo aiki da wuri. Wannan yaron taifod ta riga ta cinye shi kafin ma a shiga da shi tiyata.

Baban Amira:
To Sista wanda ake zuba allura a ciki ya koma ruwan ɗorawa fa? ai an ce wannan na ƙarin ƙarfi ne

Sista Balaraba:
Bitamin B ne ake zubawa shi ke canza launin. Yana da amfaninsa a wurinsa amma ba ya ƙara kalori ko ɗaya. Haka ƙarin jini, shi ma mutane na ɗauka abinci ne, ba abinci ba ne.

Hajiya Yelwa:
'Yata Maman Khairat ki ji maganar manya, ciki da abinci aka san shi. Ku dama masa kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa ku riƙa ba shi da cokali idan ma'aikatan sun fita, mu haka muka yi jinyar iyayenmu. Yaro na kuka da yunwa a ce kar a ba shi, wannan wace irin jinya ce

Dakta Abu Yasir:
Hajiya Allah ya ƙara girma, na san tausayi ne ya sa kika faɗi haka kuma rabin maganarki gaskiya ce, mu ma a asibiti ƙa'idarmu ita ce matuƙar hanji na aiki to ta hanji za a ciyar, jijiya sai an rasa yadda za a yi. Amma dan girman Allah kada a ba shi komai a ɓoye. Idan ɓular tana zubar da ruwa da yawa, duk abin da ya shiga ciki yana ƙara tunzura hanji ya ƙara zubarwa, ruwan da ke fita kuma yana tafiya da gishirin jiki da fotasiyam, ga shi yana cin fatar cikin kamar an ƙona ta. Likita yana auna abin da ya fita yana mayar masa da daidai shi ta jijiya, idan ana ba shi abu a ɓoye lissafin ya rushe ke nan ba tare da ya sani ba. Ko ruwan sha zalla a irin wannan yanayin yana iya ƙara yoyon, shi ya sa idan an yarda ya sha sau da yawa ruwan gishiri da suga ake cewa ya riƙa kurɓa.

Maman Khairat ban ga maras lafiyar ba don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma ga abin da za ku tambayi likitansa gobe idan an zo zagaye. Nawa ne yake fita a awa 24? Idan ƙasa da mililita 200 ne ana kiransa ƙaramin yoyo, irin wannan sau da yawa ana barin mutum ya ci abinci mai gina jiki kuma ɓular ta kan rufe da kanta. Idan ya haura 500 shi ne babban yoyo, a nan ne TPN ke shigowa da ƙarfi. Sannan ku tambaya a wane ɓangaren hanji ɓular take, domin taifod ta fi huda ƙarshen ƙaramin hanji, wannan kuma yana nufin akwai dogon hanji a sama da zai iya tsotsar abinci kafin ya iso wurin, to wani lokacin ana haɗa biyu, kaɗan ta baki ko ta roba sauran ta jijiya, ana ba shi maganin da ke rage gudun hanji. Ku kuma tambaya ko akwai mugunya da ta taru a cikin, don idan akwai to ko leda ɗari aka sa ba zai yi ƙiba ba sai an fitar da ita. Na ƙarshe, kimanin kwana nawa suke hasashen zai yi a kai, saboda ku san abin da za ku tanada kafin a fara.

Maman Khairat:
Ngd sosai Dakta Allah ya saka da alheri. Na ji nas ɗin dare tana cewa wajen 800 ta zubar jiya. Amma ni har yanzu ban gane ba shi wannan TPN ɗin mene ne a ciki, na ga na wani a ɗakin fari fat kamar madara, madara ce ake sawa a jini?

Dakta Abu Yasir:
A'a ba madara ba ce, kuma kada wani ya kuskura ya gwada sa madara ko wani abin sha a jijiya, nan take yana iya kashe mutum. Abin da hanji ke yi shi ne ya narkar da tuwo da nama da mai su koma ƙananan sinadarai sannan ya miƙa wa jini. To a masana'anta an riga an yi wannan aikin, ledar tana ɗauke da suga mai kauri, da sinadaran amino waɗanda su ne furotin ke komawa bayan ya narke, da mai wanda aka farfasa shi ƙanana ƙwarai yadda jini zai karɓa, shi ne farin da kika gani. Yawancin ledojin da ake shigo da su ɗaki uku ne a jikinsu, kowane sinadari da nasa, sai za a rataya nas ke matse ledar shingen ya ɓalle su gauraya. Ana ƙara bitamin da su zinki, da gishirin jiki gwargwadon abin da gwajin jini ya nuna.
Abin bai wani daɗe a duniya ba. Man da ake sawa wani masani ɗan Suwidin mai suna Arvid Wretlind ne ya samar da shi a 1961 daga man waken soya da wani sinadari na gwaiduwar ƙwai, shi ya sa ake tambaya ko mutum na da borin jini idan ya ci ƙwai ko waken soya. Sai a 1968 Stanley Dudrick da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka nuna cewa 'yan kwikwiyo sun girma daidai da 'yan uwansu ba tare da sun ci komai ta baki ba, suka kuma raya wata jaririya da aka haifa kusan ba ta da hanji mai aiki. Kafin wannan lokacin mai babban yoyon hanji sau da yawa yunwa na cikin abin da ke ƙarasa shi.
800 kam babban yoyo ne, na fahimci dalilin da ya sa suka rubuta.

Abba Mai Kemis:
Anti idan tsadar gado ce matsalar ku sayi ledar ku dawo da shi gida, sa kanula ai ba wani abu ba ne, akwai yara da yawa a unguwa da suka iya. Ko ku sayi kwalbar amino kawai ta fi araha nesa ba kusa ba

Sista Balaraba:
Abba dan Allah ka janye wannan shawarar, rai ne fa. Cikakken TPN ba a sa shi ta kanular hannu, kaurinsa ya ninka na jini sau da yawa, ƙaramar jijiya ba ta jurewa za ta kumbura ta yi ja ta toshe. Doguwar roba ake zurawa ta jijiyar wuya ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya ko ta dantse har bakinta ya kai babbar jijiyar da ke zuba jini a zuciya, a can jini na da yawa yana tsinka shi nan take. Likita ne ke sa ta da kayan tiyata, bayan an sa kuma a yi hoton ƙirji a tabbatar ta zauna daidai ba ta taɓa huhu ba. Akwai mai sauƙin kauri da ake iya sawa a hannu amma na ɗan lokaci ne kuma shi ma a asibiti.
Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙwayoyin cuta. Ruwa ne mai suga da mai, ƙwayar cuta na samunsa ta hayayyafa, ga roba ta tafi kai tsaye bakin zuciya. Ni idan zan canza leda sai na wanke hannu na sa safar hannu, na goge bakin robar da sifirit na jira ya bushe, leda ba ta wuce awa 24 a rataye ko da saura a ciki a zubar, robar da ke haɗa ta ma a canza, kuma wannan hanyar ba a ɗibar jini ta nan ba a tura wasu allurai ta nan. Ana auna suga sau da yawa a yini don yana iya hawa sosai har sai an haɗa da insulin, kuma ba a cire ledar farat ɗaya don suga na iya faɗuwa. Wa zai yi wannan a tsakar gida?
Ita kuma kwalbar amino ita kaɗai, idan babu suga da mai da za su ba jiki ƙarfi, jikin ƙona ta zai yi a madadinsu, naman da ake so ya ginu ba zai ginu ba, kuɗi sun tafi.

Abba Mai Kemis:
To ai na ji a Turai mutane na yi a gida shekara da shekaru

Dakta Abu Yasir:
Gaskiya ne ana yi, masu gajeren hanji da yawa a Ingila da Amurka da dare suke haɗa ledarsu su kwanta da safe su cire su tafi aiki. Amma sai da aka horar da su a asibiti, akwai injin da ke auna gudun ruwan, akwai firjin da wuta ba ta ɗaukewa, ana kawo musu leda har gida, ana gwajin jini a kai a kai, kuma zazzaɓi na taɓa su akwai lambar da za su kira a karɓe su a daren. Kuma waɗannan ciwonsu ya lafa ne, ba mai mugunya da sabon yanka ba.

Baban Amira:
Na ji bayaninku. Amma tsakani da Allah idan mutum ba shi da halin saye fa, shi ke nan sai a zuba masa ido? wannan fa shi ne halin da yawancinmu ke ciki

Dakta Abu Yasir:
Wannan tambayar ita ke hana mu barci Baban Amira. Ledar daga waje ake kawo ta, dala na tashi tana tashi, kuma bayan kuɗin leda akwai na robar wuya da na gwajin jini. Amma ba a zuba ido. Likitocin tiyata a ƙasar nan sun daɗe suna jinyar masu yoyon hanji da abin da ke hannu, a mayar da ruwa da gishirin da ya fita daidai wa daida, a kashe ƙwayoyin cuta, a fitar da mugunya, a rage yoyon da magani, a kare fata da man zinki da jakar da ake mannawa, sannan a lallaɓa a ciyar ta hanji da abinci mai furotin sosai kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda yoyon ya bari. Wani wurin ma idan ana ganin bakin hanjin na ƙasa ana zura roba a ciyar ta nan. Wasu na warkewa a haka, wasu kuma gaskiya sai da TPN ɗin.
Abin da nake roƙon iyalai shi ne su faɗa wa likita ƙarfin aljihunsu tun farko ba kunya. Leda biyu a tsaya kwana huɗu a sake nemo ɗaya ba ya haifar da abin da ake so, gara a zauna a tsara abin da za a iya ɗorewa a kai. Kuma ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, manyan asibitoci na da shi.

Maman Khairat:
Wlh kamar ka san abin da ake shirin yi ke nan, babban yayansu ya ce a sayo guda biyu a ɗura masa da sauri ya samu ƙarfi sai a ga abin da hali zai yi

Sista Balaraba:
Kar a yi da sauri Maman Khairat, wannan wani haɗarin ne daban. Wanda ya daɗe bai ci ba idan aka ɗura masa suga da yawa lokaci ɗaya, fosfet da fotasiyam da maganiziyam na jininsa sai su ruga cikin ƙwayoyin jiki, jini ya wayi gari babu su, zuciya ta rikice numfashi ya gagara, wani har farfaɗiya. An ga haka a fursunonin da aka sako bayan yaƙin duniya na biyu, sun tsira daga yunwa abinci ya zo ya kashe wasunsu. Duk wadda ta taɓa kai yaro cibiyar masu tamowa ta san ba a fara ba shi madara mai ƙarfi, F-75 ake farawa da ita sai ya daidaita a koma F-100, dalilin ɗaya ne. Don haka za ki ga an fara masa da kaɗan ana ƙarawa a hankali cikin kwanaki, an ba shi bitamin B1 kafin a fara, ana ɗibar jini kusan kullum a farkon. Kada ku ga nas ta rage gudu ku ce rowa take yi, kuma kada mai jinya ya taɓa maƙunnin da ke daidaita gudun ruwan da hannunsa ko da ya ga kamar ba ya tafiya, ya kira mu.

Ummu Sadiq:
Malam Abu Huzaifa na nan? ina da tambaya, irin wannan ledar tana karya azumi? don na ji an ce allura ba ta karyawa

Malam Abu Huzaifa:
Ina nan Malama. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta tafi a kan cewa allurar magani ta fata ko ta tsoka ko ta jijiya ba ta karya azumi, amma ta cire ruwa da alluran da ke ciyar da jiki daga wannan hukuncin, domin sun tsaya a matsayin ci da sha. To wannan ledar tana cikin masu karyawa. Sai dai wanda ya kai wannan halin ai azumi ba ya kansa a lokacin, Allah ya yi wa maras lafiya rangwame a Suratul Baƙara ya rama idan ya warke. Kada a jinkirta masa magani saboda azumi. Wallahu a'alam. Allah ya ba shi lafiya.

Hajiya Yelwa:
Amin Malam. To Dakta na ji, a bar kunun sai sun ce. Allah ya sa a dace

Auwalu Direba:
Dakta tun da ana maganar nima bari in tambaya. Mahaifina ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya haɗiya, ko ruwa aka ba shi sai ya ƙware yana tari har idonsa ya yi ja. Sun ce za su sa masa robar hanci mu kuma gsky tsoronta muke, a wajenmu ana cewa duk wanda aka sa wa wannan robar to tafiya ce ta zo. Ba gara mu nemi wannan na jijiyar ba ko da tsada?

Dakta Abu Yasir:
Malam Auwalu a'a, na Baba daban ne da na wancan yaron. Shi Baba cikinsa da hanjinsa lafiyarsu ƙalau, maƙogwaro ne kawai ya daina aiki yadda ya kamata, to robar hanci ce daidai da shi, ta fi TPN aminci ta fi araha kuma hanjin da ake ciyarwa ta cikinsa ya fi kare jiki daga cuta, ga shi ba ta wahalar da hanta kamar yadda doguwar ciyarwa ta jijiya ke yi. Abin da ya sa ake danganta ta da mutuwa shi ne sau da yawa sai an ƙi an ƙi har mutum ya galabaita sannan a yarda. Wannan tarin da yake yi shi ne abin tsoro, alama ce abinci na bin hanyar iska yana sauka a huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu. Ku daina ba shi ta baki ku bari a sa. Da yawa haɗiyarsu na dawowa cikin makonni a cire, idan ta daɗe ba ta dawo ba akwai wadda ake sawa kai tsaye ta fatar ciki.

Auwalu Direba:
To me za mu riƙa zuba masa a ciki, sai na gwangwani na kanti?

Sista Balaraba:
Ba dole ba ne. Idan akwai hali na gwangwanin yana da sauƙi, idan babu mai kula da abinci na asibiti zai tsara muku daga abin gida, kunun gero ko na dawa da aka haɗa da waken soya da gyaɗa, madara, dafaffen ƙwai, kifi ko nama, ɗan mai, a markaɗa sosai a tace da rariya mai laushi don kar ya toshe robar. Idan Baba na da ciwon suga ko na ƙoda ku faɗa musu don haɗin zai canza. Kafin a ba shi a ɗaga kansa da kafaɗunsa ya zama kamar a kishingiɗe, a tabbatar alamar da aka yi wa robar a bakin hanci ba ta matsa ba, a zuba a hankali da ɗumi-ɗumi, a bi da ruwa mai tsabta a wanke robar, kuma a bar shi a haka aƙalla rabin awa kafin a kwantar da shi. Idan robar ta zame ko ta fita kada ku mayar da kanku, idan kuma ya fara tari ko numfashinsa ya canza ana cikin zubawa ku tsaya nan take ku kira nas. Ku riƙa goge masa baki da harshe safe da yamma ko da ba ya ci ta nan.

Auwalu Direba:
Allah ya saka Sista, yanzu zan kira yayana in gaya masa a bari su sa